Kujerar Gwanjo: A Duba Cikinta Kafin A Ɗinka Mata Riga

Duk magidancin da ya taɓa aurar da 'ya a ƙasar Karaye ko Rogo ya san nauyin kayan ɗaki. Tsadar sababbin kujeru ta sa da yawa sun koma ga na gwanjo: a sayo tsohuwa, a kai wa kafinta ya ƙara mata ƙusa, mai ɗinki ya sa mata sabon yadi. Wannan dabara ce mai kyau, domin tana rage kashe kuɗi, tana kuma rage saran itatuwa irin su maɗaci da ƙirya, waɗanda sai sun shekara da yawa kafin su isa yanka. Amma a idon masanin ilmin halittu, tsohuwar kujera gida ce mai mazauna. Wanda ya rufe ta da yadi bai duba cikinta ba, ya sayi kyan ɗan maciji.

Mazauni na farko shi ne kuɗin cizo. Irin da ya fi yawa a ƙasashe masu zafi shi masana ke kira Cimex hemipterus. Macen takan saka ƙwai da yawa a rayuwarta, ƙwan kuma yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Ƙwaron yana iya yin watanni bai sha jini ba, saboda haka daɗewar kujera a ajiye ba ta nuna cewa ta tsira. A duba layin ɗinki da mahaɗar katako. Ɗigon baƙi kamar na tawada kashinsa ne.

Na biyu wani ɗan ƙwaro ne mai huda katako, na jinsin Lyctus. Tsutsarsa ce ke ɓarnar, tana cin sitacin da ke cikin farin katako na kusa da ɓawo, ta bar jan tsakiyar itace. Alamarsa ita ce ƙananan huji da gari mai laushi a ƙarƙashin kujera. Na uku kuwa gara ce, wadda kan cinye ciki ta bar fatar waje. A ƙwanƙwasa ƙafar kujera da ƙarfe: in ta yi amo kamar ganga, a sake ta.

To, mene ne magani? Zafi. Kuɗin cizo da ƙwansa ba sa jure zafin digiri 50 na ma'aunin Salshiyas idan ya ratsa su sosai. A warware tsohon yadi da almakashi ba tare da an yaga shi ba, a wanke shi da ruwan zafi, domin shi ne ma'aunin da za a yanka sabo a kansa. A kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗar katako, sa'an nan a shanya a rana ya bushe sarai. Watannin Maris da Afrilu sun fi dacewa da wannan aiki. Da damina kuwa, musamman a ƙauyukan gefen madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, katakon da aka rufe da danshi yakan yi funfuna.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan. Kada a sa ƙwayar maganin da ake adana hatsi da ita cikin kujera ko cikin ɗakin kwana. Tana sakin iskar fosfin, guba mai kashe mutum yana barci. Haka nan maganin feshin gona ba na ɗaki ba ne.

Bayan an tsabtace katako sai gini. A ɗaure ƙasan mazauni da igiyar roba ta tsohon tiyub, a gicciya ta kamar saƙar tabarma, a shimfiɗa buhu a kai. Idan soso ya fara marmashewa, zamaninsa ya wuce. Madadinsa yana kusa da mu: audugar rimi. Kowane silinta bututu ne cike da iska, mai rufin kakin da ke korar ruwa, shi ya sa ba ta da nauyi. A cire 'ya'yan, domin suna jawo ɓera, a ɗinke ta cikin jaka da basilla, a kuma nisanta ta da wuta, gama tana kamawa nan take. Daga nan a ja sabon yadi daga tsakiya zuwa gefe, a kafe shi da ƙananan ƙusoshi.

Ga malaman sakandare, karyayyar kujera ɗaya daga ma'ajiyar makaranta ta isa darasi guda. Ɗalibai su duba garin katako da tabarau mai girmama abu, su sa audugar rimi da ta gona cikin ruwa su ga wadda za ta fara nutsewa, sa'an nan su gyara kujerar da hannunsu. Yaron da ya iya bambanta katako mai lafiya da wanda gara ta ci, ran da za a yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki, shi mahaifinsa zai tafi da shi kasuwa.