Wasan kwaikwayo a lokacin yaƙi: ranar da waɗanda abin ya shafa suka hau dandali da kansu



In aka ce wasan kwaikwayo, ko teyatur kamar yadda bakinmu ya saba, abin da ke fara zo mana a rai shi ne dariya: Alhaji marowaci, faɗan kishiyoyi, baƙauye ya shigo birni. Da haka muka tashi, tun zamanin samariya da wasannin su Yazi Dogo a gidan rediyon Damagaram. To, amma in gari ya ƙone, an kashe na kashewa, saura sun watse, me ya rage wa ɗan wasa ya yi? Tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Jahar Difa ta fi shekara 10 tana karɓar ƴan gudun hijira, kuma tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako yankin Gidan Runji a jahar Maraɗi.

A ƙasashe da dama da yaƙi ya ci, ƴan wasa sun samo wata amsa. Sun rage yin magana a madadin waɗanda abin ya shafa. Sai su ja gefe, su miƙa masu dandali su faɗi da bakinsu. Bari mu duba yadda aka yi hakan da matan Siriya, don misalinsu ya fi fitar da abin fili.

Tsohon labari, sabon ciwo

Yaƙin Siriya ya fara a 2011. Kafin ƙarshen 2013, ƴan Siriya sama da rabin miliyan sun gudu zuwa Jodan, akasarinsu ba a sansani suke ba, suna cikin garuruwa a ɗakunan haya. A ƙarshen shekarar ne aka tara mata kimanin 50 daga cikinsu a Amman, babban birnin Jodan, ƙarƙashin wani mai shirya wasa ɗan Siriya, Umar Abu Sa'ada. Babu wadda ta taɓa yin wasan kwaikwayo a cikinsu. Da goyo da yaye suke zuwa, har sai da aka tanadi masu kula da yara a wurin gwaji.

Labarin da aka ɗauko masu ya fi shekara 2,400 a duniya. Sunansa "Matan Turoy", wani marubucin ƙasar Girka mai suna Yurifidis ya rubuta shi, aka fara nuna shi a birnin Atina shekara 415 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin lura, babu fagen fama a cikin wasan. Yana farawa ne bayan an gama yaƙi: an ci birnin Turoy, an kashe maza, mata na zaune suna jiran a raba su tsakanin waɗanda suka ci nasara kamar ganima. Akwai tsohuwar sarauniya Hekuba da ta rasa miji da ƴaƴa. Akwai surukarta Andiromaki, da aka ƙwace ɗan ƙaramin ɗanta aka jefo shi daga kan ganuwa, don kada ya girma ya ɗauki fansa. Kuma ƴan watanni kafin a nuna wasan, sojojin Atina ɗin da kansu sun ci wani tsibiri mai suna Melos, suka kashe mazansa, suka bautar da mata da yara. Kun ga ke nan marubucin mutanensa ya tara ya nuna wa irin aikin hannunsu.

Yadda aka yi aikin

Kimanin makonni shida aka yi ana gwaji. Ba a ba matan takarda an ce su haddace kawai ba. Ana karanta wani sashe na tsohon labarin, sai a tattauna: wace ce a cikin matan nan ta yi kama da ke? Daga nan sai baki ya buɗe. Wata ta ba da labarin daren da ta bar gidanta, wata ta rubuta wasiƙa zuwa ga wanda ta baro a can. A ranar nuni, cikin watan Disamba na 2013, matan suna rera maganganun tsohon wasan tare da murya ɗaya, sai ɗaya ta fito gaba ta faɗi nata labarin, ta koma cikin ƴan'uwanta.

Wani zai ce, to mene ne amfanin ɗauko labarin Girkawan dauri, tunda kowace tana da nata? Ai Bahaushe ya san fakewa da guzuma a harbi karsana. Abin da ya yi wa mutum nauyi ya ce "ni aka yi wa", yana iya faɗinsa da sunan Hekuba. Tsohon labarin kamar mayafi ne, mace ta rufa da shi har ta samu ƙarfin yaye shi. Sannan yana gaya mata cewa ba a kanta aka fara ba, kuma ba laifinta ba ne.

Abin bai zo da sauƙi ba fa. Wasu mazajensu ba su so su fito bainar jama'a ba. Wasu suna tsoron maganarsu ta jawo wa danginsu da ke cikin Siriya fitina, shi ya sa a fim ɗin da Yasmin Fedda ta ɗauka kan aikin, mai suna "Sarauniyoyin Siriya", aka ɓoye fuskokin wasu. A 2014 Jami'ar Jojtawun ta birnin Washinton ta gayyace su, amma hukumomin Amurka suka hana su biza, sai ta intanet suka yi magana da jama'ar da ta taru. Sai a 2016 mata 13 suka samu zuwa Ingila, suka yi wasan a Landan da wasu garuruwa.

Ba su kaɗai ba ne

A Falasɗinu ma an bi wannan hanya. Bayan yaƙin Gaza na ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, ƙungiyar wasa ta Ashtar da ke Ramalla ta yi aiki da yara matasa sama da 30 na Gaza, kowa ya rubuta abin da ya gani. Da yake yaran ba su da hanyar fita, sai aka aika rubutun waje. Ranar 17 ga Oktoba 2010, matasa a ƙasashe sama da 30 suka karanta shi a rana guda, kowa da harshensa. Da wani yaƙin ya ɓarke a 2023, an sake kiran duniya ta karanta ranar 29 ga Nuwamba. Yaran da suka rubuta sun zama iyaye, maganarsu kuwa kamar jiya aka yi ta.

Kusa da mu, a Wagadugu, akwai bikin wasan kwaikwayo na Récréâtrales da Étienne Minoungou ya kafa a 2002. A tsakar gidajen mutane ake yin wasanninsa, a unguwar Gungin, inda da rana ake daka da wanki. Aristide Tarnagda, ɗaya daga cikin jagororin bikin, ya mayar da littafin "Terre ceinte" na marubucin Senegal Mohamed Mbougar Sarr wasan dandali. Labarin wani gari ne da ƴan bindiga masu iƙirarin addini suka mamaye. Bikin ya kuma horar da mutanen da rikicin Burkina Faso ya kora daga ƙauyukansu, suka hau dandali a gaban mutanen birni da a da sai dai su ji adadinsu a rediyo.

Abin da wasa ba ya iya yi

Kada mu ruɗi kanmu, wasan kwaikwayo ba ya tare harsashi. A 1993, lokacin da aka yi wa birnin Sarayebo na ƙasar Bosniya ƙawanya, marubuciyar Amurka Susan Sontag ta shirya wasa a can da hasken kyandir, ƴan wasan kuwa yunwa ta sa suna kwanciya a ƙasa tsakanin gwaji. An yi wasa an tashi, ƙawanyar ba ta ƙare ba sai 1996.

Wani lokacin ma gidan wasan ne ake kai wa hari. Ranar 16 ga Maris 2022 aka jefa bam a gidan wasan kwaikwayo na Mariyufol a Yukren, inda ɗaruruwan fararen hula suka fake, duk da an rubuta kalmar "yara" da manyan baƙaƙe a ƙasa, gaba da bayan ginin. Binciken ƙungiyar Amnesty International ya ɗora alhakin kan sojan saman Rasha, ita kuma Rasha ta musanta. Wasu ƴan wasan da suka tsira sun koma Ujhorod a yammacin ƙasar, suka shirya wasa kan abin da suka gani da idonsu. A sansanin Jenin na Falasɗinu kuwa, Juliano Mer-Khamis, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Gidan Wasan Ƴanci, wani mai rufe da fuska ya harbe shi a ƙofar gidan wasan ranar 4 ga Afrilu 2011.

Akwai kuma ƙorafin da ya kamata a ji. Masu kallo suna kuka, su tafa, su koma gidajensu, ita kuwa wadda ta tone ciwonta tana komawa ɗakin haya da takardar gudun hijira. In ba a yi hattara ba, baƙin cikin talaka sai ya zama hajar da wasu ke neman suna da ita. Kuma tuna abin da ya wuce ba kullum yake warkarwa ba, wani yakan fama gyambon ne.

To, me ya sa ake ci gaba?

Saboda labaran yaƙi da lissafi suke zuwa: an kashe kaza, kaza sun gudu. Lissafi ba shi da uwa, ba shi da gona. Amma in mace ta tsaya a gabanka, taku biyar tsakaninku, ta ce ga abin da ta baro a kan murhu ranar da ta gudu, ba ka da maɓallin da za ka murɗa ka sauya tasha. Wanda ya zauna ya ji haka, da wuya gobe ya kira ta "baƙin nan da suka cika mana gari". Ita kuma, wadda kullum a layin rabon abinci ake tambayarta suna da lamba, ta samu wurin da ita ke magana, saura na saurare.

Wannan hanya ba ta yi nisa da tamu ba. Wasan Hausa a Nijar dama ba kan dogon rubutu ya ginu ba: a zauna a tsara labari, kowa ya zuba maganarsa daga abin da ya sani. Ƙungiyoyin matasa da na mata da ke son taɓa maganar tsaro da gudun hijira suna da abin ɗauka daga waɗannan misalai. A nemi yardar mai labari kafin a ɗora shi a dandali, kuma in ya ce ya fasa, ko a ranar nuni ne, a ƙyale shi. A sauya suna da sunan ƙauye, domin mai labari na da dangi a can, kunnuwa kuma suna da yawa. Kada a jingina ta'asa ga wata ƙabila ko wani jinsi, don wasan da ya yi haka ya zama makami shi ma. In labarin ya yi zafi, a fake da tatsuniya ko tarihin dauri, kamar yadda matan Siriya suka fake da Hekuba. In kuma wasan ya kawo ɗan abin hannu, a raba da masu labarin. Bayan an tashi, a samu wanda zai zauna da su, kada a bar su su tafi gida su kaɗai da abin da aka tono.

Allah ya mayar da kowane ɗan gudun hijira gidansa lafiya, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.