Tukunyar Dare a Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

A shirinmu na musamman na yau za mu yi tattaki zuwa kudancin Jihar Katsina, ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mu wuce zaure, mu yi sallama, in an yi mana izini mu tsaya daga bakin madafa, domin mu ga yadda uwargida ke amsa tambayar nan da ke zuwa kowace la'asar ba ta fashi, wato me za a ci da dare, da me kuma za a yi miya.

Wanda ya san wannan yanki tun kafin fitinar 'yan bindiga ya san cewa tambayar ba ta da nauyi a da, domin ƙasa ce mai albarkar masara da dawa da wake da waken soya da auduga, wadda manyan motoci ke ɗibar amfaninta daga kasuwannin Ɗandume da Sheme da Funtuwa zuwa nesa. Maigida, idan kaka ta yi, ya ɗaure dammunansa ya ƙidaya, ya fitar da zakka, ya zuba saura a rumbu, to ya riga ya san abin da iyalinsa za su ci har ruwa ya sake sauka. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya buɗe rumbu ya fitar da awo, mata su sussuke, su sheƙe, su surfa, su kai niƙa. Ita kuwa miya, taskarta a hannun mace take, kuka da aka shanya a inuwa aka daka, kuɓewa da aka yanyanka tun da damina, kauɗar tattasai, karkashi, da daddawar kalwa wadda ɗorawar gona ta bayar. Ranar kasuwa sai a cike giɓi da gishiri da kanwa da man gyaɗa da ɗan nama, shi ya sa makon uwargida daga kasuwa zuwa kasuwa yake, ko da kalanda ta ce wani abu dabam. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuma, kowace ta san kwanan girkinta, ta san ranar da za ta karɓi cefane da ranar da za ta miƙa.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya, masu karantar da Risala da Muhtasar a zaurukan waɗannan garuruwa, sun daɗe suna bayyana cewa nafaƙar iyali wajibi ce a kan miji gwargwadon halinsa da al'adar garinsu. Hukuncin yana nan daram, sai dai halin mijin ne ya sauya. Faskari tana iyaka da ƙasar Tsafe ta Zamfara, Sabuwa tana jingine da dazukan Birnin Gwari, kuma daga waɗannan dazuka ne 'yan bindiga suka yi shekaru suna fitowa, suna kore shanun huɗa, suna ƙona rumbuna, suna sa wa ƙauye haraji kafin a yi shuka, su sake sa wani kafin a yi girbi. Manomin da gonarsa ta kirki ke can bakin daji, wanda dole ta sa ya haƙura da 'yar gayaunar bayan gida, ya tashi daga mai rumbu ya koma mai awo da tiya, alhali bai taɓa sayen ƙwayar hatsi ba tun da aka haife shi. Lissafin da ake yi na shekara ya dawo na mako, wani gidan ma na yini, kuma nauyin wannan sabon lissafi, in za a faɗi gaskiya, galibinsa a kan mace ya sauka.

Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta garin, har aka sako 344 bayan kwana shida. Ni dai duk lokacin da aka ambaci wannan mako, abin da ke faɗo mini a rai shi ne iyaye mata, waɗanda ba su da zaɓi sai sun hura wuta domin ƙananan da ke gabansu, suna kwashe tuwo suna jera malmala, zuciyarsu tana can cikin daji.

Sannan a ƙarshen watan Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta hana sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya. An yi haka ne da niyyar toshe wa ɓarayi hanyar guzuri, kuma niyyar abar fahimta ce, amma a duba yadda kowane sakin layi na dokar ya bi ta ƙofar madafa ya shiga. Akuyar da mace ke kiwo, wadda ita ce asusunta ranar da awo ya yanke, babu inda za a kai ta. Ɗan da ke ƙwadago a Kano ko Abuja, wanda ya saba turo ɗan abin cefane, ba shi da hanyar sanar da gida. Mai injin niƙa, da man ya yi masa wuya, ko dai ya ƙara kuɗi ko ya rufe, sai ga turmi da taɓarya, har da dutsen niƙa da aka jingine tun zamanin kakanni, sun dawo aiki. Itace kuwa ya riga ya yi tsada tun kafin doka, domin shiga daji neman sa kasada ce da rai, don haka aka koma ga kara da totuwar masara da busasshen kashin shanu. Bayan wannan sai ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sai cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun shekarar, wanda ya ɗaga kuɗin mota, kuɗin mota kuma ya ɗaga farashin duk abin da mota ke kawowa.

To, yanzu mu zauna kusa da murhu mu ga tadbirin, domin ilimi ne na haƙiƙa, ko da ba a rubuta shi a littafi ba. Ranar da kasuwa ta ci lafiya, abin da ba ya jure kwana shi ake fara ci, miyar ɗanyar kuɓewa ko taushe da kabewa da alayyafo, in an samu ƙashi a jefa, a kuma tsame shi a adana domin ya sake ba miyar gobe ɗanɗano. Tsakiyar mako na busassun kaya ne, yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi karkashi, ana jujjuya su domin kada yara su gundura, daddawa tana tsaye a madadin nama. Idan gari ya fara ja baya a kwano, mai hikima ba ta jira ya ƙare, sai ta bar tuwo ta koma fate, saboda tsaki kaɗan, in ya sha ruwa ya haɗu da yakuwa da rama, yakan cika tukunyar da garin tuwo ninkinsa ba zai cika ba. Ko ta turara dambu da zogale, ko ta yi ɗanwake wanda ba ya neman miya sai ɗan mai da yaji, ko kwaɗon tafasa da ƙuliƙuli. Wake ana jiƙa shi tun da wuri a sa masa kanwa don kada ya cinye makamashi. Juma'a kuwa, ko yaya hali ya yi, ana ƙoƙarin bambanta ta da shinkafa da wake, domin yara su san cewa ranar idin mako ce. Kuma a cikin duk wannan, tuwon dare shi ne ginshiƙi, saboda ana tuƙa shi da niyyar ya kwana ya zama ɗumame, wuta ɗaya ta ci da gida sau biyu.

Abin da ya fi wuyar lissafi shi ne yawan bakunan da za su ci. Matar da ke cikin garin Faskari ko Sabuwa za ta auna gari na mutum takwas da azahar, kafin magariba sai ga ƙanwar maigida daga ƙauye da goyo da yara huɗu da ƙunshin kaya a ka, an ce an ga baburan 'yan bindiga a bayan gari. Ba a tambayar irin wannan baƙo yaushe zai koma. Sannu da zuwa, ku shigo daga ciki, ita ce maganar, sannan a ƙara ruwa a tukunya, a rage girman malmala, mai girki kuma ta ce ta riga ta ci a madafa, alhali kowa ya san ba ta ci ba. A ƙauyukan da mutane ke yini a gida su kwana a wani wuri, girkin dare ya dawo na la'asar, a gama, a kashe wuta, a zuba a kwanon da za a iya ɗauka. Kishiyoyin da a da kowace ke tsare kwananta, da yawa lalura ta sa sun haɗa tukunya. Wannan yakan tuna mini da Ash'ariyawa, waɗanda hadisi ingantacce ya yabe su da cewa idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri guda su raba daidai.

Sai dai kada yabon haƙurin matan nan ya rufe mana ido daga abin da ake asara. Ƙara ruwa yana cika ciki, amma miyar da ta rabu da mai da wake da gyaɗa ba ta gina jikin ƙaramin yaro, kuma daga nan tamowa ke samun ƙofa, har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe cibiyoyin jinyarta a Jihar Katsina tun 2021. Ina roƙon iyayenmu mata da ke sauraro, duk ranar da za a rage wani abu, kada a rage daga kwanon yaye. Ɗan garin waken soya ko na gyaɗa a cikin kunu, ko guntun awara, yana da amfanin da ya fi girmansa. Ku kuma magidanta, ko tiya ɗaya aka samu, a sanar da mai girki tun da safe, domin ta san inda za ta dosa da makonta.

A nan za mu dakata, masu sauraro, ga la'asar ta yi sanyi, na san wasunku tukunya na kan wuta. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu. Wassalamu alaikum.