Allurar Haukan Kare: Shekara Nawa Take Yi a Jiki?

Mafarautan ƙasar Gumel suna ji da karnukansu, haka ma makiyayan rugagen Gagarawa da Sule Tankarkar. Amma duk mai karen da na tambaya ko an yi wa nasa rigakafin hauka, amsar kusan ɗaya ce: "Ai an yi masa tun yana kwikwiyo." Ka duba karen, ya haura shekara huɗu. Wannan amsa tana tayar mini da hankali, domin allurar tana da wa'adi.

Ana fara yi wa kwikwiyo ne in ya cika wata 3, kuma sai ta yi kusan wata guda kafin ta kama jiki sosai. Shekara na zagayowa a maimaita. A Amurka akwai wadda daga nan sai bayan shekara 3, amma a Najeriya duk shekara likitocin dabbobi suka ce a yi, ko wadda ake yi a Vom da ke Jihar Filato ce, ko ta waje.

Ni dai ina bayansu. Maganin nan sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa zafin Afrilu a nan yana haura 40. Kwalbar da ta sha rana a kan babur, ko ta kwana a firijin da aka ɗauke wa wuta, ƙarfinta ya ragu, kuma ido ba ya ganewa. Ga karnukanmu da yunwa da tsutsar ciki, jikinsu ba lallai ya riƙe rigakafin kamar na ƙosasshen kare ba. Sannan je ka Maigatari ranar Alhamis ka ga dabbobin da ke shigowa kasuwa daga Nijar. Karen da ke bin garke ba a tambayarsa kati a bakin iyaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar haukan kare tana kashe mutum 59,000 a shekara a duniya, kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tashi. Amma in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura a yanki, yaɗuwarta na tsayawa.

Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Kai kuma mai kare, in allurarsa ta wuce shekara, kai shi wurin likitan dabbobi a sabunta, ka karɓi kati mai kwanan wata.