Inshorar Lafiya a Gida da Ƙetare: Bayani Ga Masu Niyyar Tafiya

A kowace shekara akan samu mutane daga Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Guri, Kiri Kasamma da sauran ƙananan hukumomin masarautar da ke barin gida domin neman aiki ko karatu a ƙasashen waje. Galibinsu sukan yi lissafin kuɗin fasfo da biza da tikitin jirgi, amma ba kasafai suke sanya kuɗin magani a cikin lissafin ba. Saboda haka muka ga ya dace mu kwatanta wa jama'a tsarin gida da na wasu ƙasashe, domin wanda zai sayar da gona ko shanu ya yi tafiya ya san abin da ke gabansa.

Yadda Tsarin Yake a Gida

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a shekarar 1999, aka fara aiki da ita a 2005, sannan a 2022 aka sauya ta da dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar a kan kowane mazaunin Najeriya. A tsarin ma'aikata, inshorar kan ɗauki nauyin ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma yana biyan kashi 10 cikin ɗari ne kawai na kuɗin magani. A Jihar Jigawa, hukumar JICHMA ce ke kula da tsarin taimakekeniyar lafiya. Abin lura shi ne, katin gida amfaninsa a gida yake. Da zarar mutum ya ƙetare iyaka, babu asibitin da zai karɓe shi da wannan kati.

Ƙasar Saudiyya

Nan ce mutanenmu suka fi nufa. Dokar ƙasar ta ɗora wa kamfani mai zaman kansa nauyin yi wa ma'aikacinsa baƙo inshorar lafiya, kuma an haɗa wannan inshora da takardar izinin zama da ake kira iƙama. Wanda ya tafi ta hanyar da ta dace, kamfaninsa ne zai biya, sai dai ya kamata ya tambayi irin asibitocin da inshorar ta amince da su tun kafin ya sa hannu a takardar aiki.

Matsalar tana ga wanda ya shiga da bizar Umra ya ƙi dawowa. Inshorar da ke cikin bizar Umra ta ɗan lokaci ce, tana ƙarewa tare da bizar. Daga nan ba shi da iƙama, ba shi da inshora. In ciwo ya kama shi sai ya biya daga aljihunsa a asibitin kuɗi, ko ya kwanta a ɗaki saboda tsoron kamu. Sau da yawa sai an tara kuɗi daga gida an aika masa, alhali shi ne aka sa ran zai riƙa aikowa.

Ƙasar Ingila

A can kuma tun kafin a ba da biza ake biya. Daga watan Fabrairun 2024, kuɗin lafiyar da ake karɓa daga baƙo ya zama fam 1,035 a shekara, ɗalibi da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 kuwa fam 776. Ana biyan na dukkan shekarun bizar a lokaci guda, wato mai bizar aiki ta shekara uku zai biya fam 3,105 a kansa shi kaɗai, ban da na iyalinsa. An ɗauke wa masu bizar aikin kiwon lafiya wannan kuɗi. Bayan an biya, ganin likita da kwanciya a asibitin gwamnati ba su da wani caji, amma akan biya kuɗin maganin da likita ya rubuta da na aikin haƙori, kuma tiyatar da ba ta gaggawa ba takan ɗauki watanni ana jiran layi.

Kiranmu Ga Jama'a

Muna shawartar duk mai niyyar tafiya da ya nemi bayanin inshorarsa a rubuce, ya yi allurar rigakafin shawara da ta sanƙarau inda ake buƙata, ya kuma tafi da takardun asibitinsa idan yana da hawan jini ko ciwon suga.

Haka kuma kada ya manta da iyalin da ya bari. Yankinmu na fadama ne, inda zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suka zama ruwan dare, kuma ambaliya irin ta 2022 takan zo da cututtuka. Inshorar da kamfani ya yi masa a Jidda ba za ta biya wa ɗansa magani a Babban Asibitin Haɗejiya ba. Don haka ya dace ya yi wa iyalinsa rajista da JICHMA kafin ya tashi.

Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, tare da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi, da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, musamman ga matasan da ke zuwa neman takardar shaidar ɗan ƙasa domin yin fasfo. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.