Daga Burtali Zuwa Bakin Kwalta: Keke da Bas a Dawakin Tofa

Wanda ya tsaya a Dawanau da hantsi, a bakin titin Kano zuwa Katsina, zai rantse ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ba ta san wahalar sufuri ba. Tireloli na lodin masara da riɗi da waken suya, bas-bas na kwasar fasinja zuwa cikin birni, 'yan kamasho na ta kiran Bichi da Tsanyawa. Kasuwar hatsin Dawanau da aka kafa a 1985 tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kayanta na kaiwa har Nijar da Chadi da Kamaru.

Sai dai manomi ba a bakin kwalta yake kwana ba. Mutumin da ke wani lungu a mazaɓar Marke ko Jalli ko Gargari, sai ya ratsa burtali tukuna kafin ya ga mota: yashi da rani, taɓo da damina. Direba ba ya kai motarsa can, don abin da zai samu bai kai kuɗin bakanike ba. Wannan ɗan tsakanin, daga ƙofar gida zuwa inda mota ke tsayawa, shi ke cinye ƙarfin mutum da ribar buhunsa.

Shekara da shekaru acaɓa ce ke cike gurbin. Ko da aka hana ta a birnin Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Adaidaita Sahu ta gaje birni, babur kuma ya ci gaba da mulkin ƙauye. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 600 cikin wata biyu, ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ɗan acaɓa ya ƙara kuɗi, ba kuma laifinsa ba ne.

Nan aka tuna da keke. Dattawa sun san Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, sun kuma san Phoenix ɗan Chaina. Ƙasar Dawakin Tofa shimfiɗaɗɗiya ce, ƙauyuka kusa da juna, gona na manne da gona. A kariya ake ɗaure rabin buhu da roba, jarkoki biyu a gefe, yaro a kan sanda. In taya ta sace, ga mai faci a gindin darbejiya da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma tub yana neman inda kumfa ke fita.

Matsalar tana farawa ne in an iso titi. Ina za a bar keken? Yawanci amana ake ba mai shayi ko mai facin, a shiga bas zuciya na baya. Wanda ya ce zai taka har Dawanau kuwa, da tirela zai raba hanya. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe, mai wa'azin hawan keke, bas ta tura shi rami a Abuja. 'Yan Najeriya sun sha dariya, titin kuma aka bar shi yadda yake.

A birnin Utrecht na ƙasar Holan, tashar jirgin ƙasa tana da ma'ajiyar kekuna 12,500, mutum ya ajiye ya hau jirgi. Mazaɓun Kwa da Tumfafi ba su buƙatar irin wannan gini. Rumfar kwano a kowace kwana, da mai gadi da tikiti, ta wadatar. A ƙara da kwalbati a wuraren da ruwa ke yanke burtali, da gefen titi da aka ware wa masu keke.

Ana gina layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, amma ba zai bi ta ƙofar gidan kowa ba. Rumfa da kwalbati ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma da ƙungiyar direbobi ba. Kansilolin Dawakin Tofa su sa su a kasafin baɗi.