KAYAN ƊAKI: NA DA KO NA YAU?

Bayan kaka, manomi ya saida wake, ga auren ɗiya ya taso. A kasuwar Maradi ko ta Damagaram akwai gado da almuwar masu madubi, suna walƙiya. Da yawansu ba katakon ƙwarai ba ne: garin katako ne aka manne, aka lulluɓe da formika. In ɗaki ya yi yoyo da damana, sai ya sha ruwa ya kumbura. Kafinta ba ya iya ɗinke shi. Wani ma tun bisa amalanke yake tsagewa, kafin a isa ƙauye. Kuɗin gumin shekara guda ke nan.

Gadon ƙarfe ya fi shi jimiri. Gara ba ta cin shi, in ya karye mai walda ya ɗora.

Kujerar kirya da masassaƙi ya sassaƙa kuwa, kaka takan bar wa jika. Makiyayan Tawa da Agadas suna da gadon icce wanda ake kwancewa a aza wa raƙumi ko jaki. Almuwar ba ta bin garke.

Akwai dillalai masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin kayan nan da arha. Alhali irinsu ake adanawa a gidan tarihi na Yamai, wanda aka buɗe a 1959.

Mai sayen sabo, ya duba bayan kayan da ƙarƙashinsu, inda ba a shafa fenti ba. Nan ake gane icce da gari.