Masu Tona Asirin Maganin Jabu: Da Mu Suke Magana



Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko ta Potiskum ran Laraba, ya san motar nan mai lasifika a ka wadda ke tsayawa a bakin kara. Kwalba guda ce a hannun mai ita, amma wai tana maganin basir, da shawara, da sanyi, da ciwon baya, har da ƙarin ƙarfin mazantaka. Da yamma kuma in an gama lodi, direba ya kunna rediyo, sai ka ji wani likita ko wata ma'aikaciyar hukuma tana gargaɗi a kan maganin jabu, nan take wani daga cikinmu zai ce a murɗa a nemo kiɗa, wai surutun 'yan boko ne. To, a wannan fitowa mun ga ya dace mu bayyana ko su wane ne masu wannan gargaɗi, da abin da ya same su saboda shi, don kuwa da mu suke magana.

Bari mu fara da abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar a 1995. A bazarar wannan shekara annobar sanƙarau ta ɓarke, mutane fiye da 40,000 suka kamu. Nijeriya, a matsayinta na maƙwabciya, ta aiko da gudummawar allurar rigakafi 88,000, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Aka shiga yi wa jama'a. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières su ne suka lura cewa garin maganin ba ya narkewa yadda aka saba, kuma ana ganin wasu baƙaƙen zarurruka a ciki. Da sun ga dama da sun yi shiru, tun da kyauta ce daga gwamnati zuwa gwamnati, kuma ba wanda ke son ya kunyata mai kyauta. Amma suka yi magana. Da aka gwada, sai aka tarar babu ko ɗigon magani a cikin kwalaben, kamfanonin kuma suka ce ba aikinsu ba ne. Kafin a tsayar da abin an riga an yi wa mutane fiye da 50,000, kowa ya koma gida yana zaton ya tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 2,500 suka rasa rayukansu ta wannan hanya. Kada kuma a ce ai tsohon labari ne: a 2015, da 2017, da 2019 hukumar ta sake shelar an sami jabun rigakafin sanƙarau a Nijar.

Abin lura a nan shi ne, maganin jabu ba sai ya zama guba zai kashe mutum ba. Ya isa kawai ya zama fanko. Mai zazzaɓin cizon sauro ya sha ƙwayar alli kwana uku, cutar tana can tana cin jininsa, in ya cika sai a ce zazzaɓin bana mai zafi ne. Ba wanda zai tuhumi ƙwayar. Wannan ya sa sana'ar take da riba, ya kuma sa ake bukatar mai ɗakin gwaji da zai auna ya faɗa.

A Nijeriya wadda ta fi kowa yin suna a wannan yaƙi ita ce marigayiya Farfesa Dora Akunyili, masaniyar haɗa magunguna, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. Ita abin ya taɓa gidansu ne. Ƙanwarta mai ciwon sukari ta rasu a 1988 bayan an yi mata allurar insulin ta jabu. Da ta hau kujera ba ta zauna a ofis ba. Rediyo, talabijin, makarantu, fadar sarakuna, ko'ina za ka ji ta, tana kiran sunan magani, tana kiran kamfanin da ya shigo da shi daga Indiya ko Sin, tana tara kwalaye tirela-tirela ana cinna musu wuta a gaban jama'a. A ƙididdigar hukumar, jabu ya sauka daga kusan kashi 41 cikin 100 na magungunan kasuwa zuwa kusan kashi 16 a 2006.

Me ta samu? A watan Disamba na 2003, 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta a jihar Anambra, harsashi ya huda ɗankwalinta ya shafi fatar kanta, wani direban bas da ba ruwansa ya mutu. A Maris na 2004 aka ƙone gine-ginen hukumar a Legas da Kaduna. Duk da haka a 2007 ta rufe babbar kasuwar magani ta Anaca, wadda da yawanmu muka sani, don a bakin gadar Kwara take, kan hanyar da muke kai shanu ƙasar Ibo. Ta rasu a 2014. A Fabrairun 2025, wadda ke riƙe da hukumar a lokacin, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sake rufe kasuwannin magani na Anaca, da Aba, da Idumota ta Legas, ita ma ta fito ta ce ana barazana ga rayuwarta. Mutumin da ake nema da bindiga saboda maganarsa, ai kun san maganar tana taɓa aljihun wani.

Yanzu ga inda zancen ya zo kanmu. Tirelar da ta sauke shanu a kudu ba ta son dawowa wayam. A nan ne wani zai zo da kwalaye goma, ya ce kayan kemis ne, a taimaka a sauke masa a Kano, ko Maraɗi, ko Garwa, ga kuɗin mota mai tsoka. Direba bai buɗe ba, maigida bai tambaya ba. Idan 'yan kwastan ko duwan suka kama, motar ce za ta kwana a hannunsu wata da watanni, mai kwalayen kuwa ya ɓace. Idan kuma ba a kama ba, kayan nan su ne za su baje a tebur a ƙauyen da iyalanmu suke. A 1990 yara 109 suka mutu a Nijeriya saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda. Irin wannan sinadari ya kashe yara 84 a maganin haƙori na My Pikin a 2008 da 2009, ya kashe kusan 70 a Gambiya a 2022, aka kuma same shi a wani maganin tari a Kamaru a 2023. Kwalba ba ta neman fasfo a kan iyaka.

Dabbobinmu ma ba su tsira ba, kuma likitocin dabbobi sun daɗe suna faɗa. Ɗauki maganin sammore, wato garin nan rawaya da kowa ke kira Berenil ko da wane kamfani ya yi shi. Ƙunshi guda na gaskiya an auna shi ne don sa mai nauyin kilo 300. Na jabu launinsa ɗaya, takardarsa ɗaya, amma abin da ke ciki bai kai ba, wani ma babu kome. Wanda bai kai ba ya fi muni, don yana kashe raunanan ƙwayoyin cutar ya bar masu ƙarfi su hayayyafa, har a wayi gari na gaskiyan ma ba ya ci. Wani ɗan ƙungiyarmu ya sayi ƙunshi 20 a tebur saboda arha, ya yi wa garkensa kafin ya gangara kurmi. Kafin ya kai, bijimai sun zube, da ƙyar ya mai da uwar kuɗi. Abin da ya rage a kuɗin magani bai kai kuɗin igiya ba.

Wani zai ce, to ai mai lasifika ma “dokta” yake kiran kansa, kuma shi ma yana sayen fili a rediyo, yaya za mu bambance? Gaskiya ne, kuma ba duk mai farar riga ke da gaskiya ba. Amma mu 'yan kasuwa ne, mun san dillalin da ke da kamasho a ciniki. Masanin gaskiya in ya gama magana ba ya ciro kwalba daga jaka ya ce a kawo kuɗi. Zai faɗi sunan maganin, da lambar rukunin da aka buga a kwalin, da inda aka gwada shi, yadda kowa zai iya bin sawu. Kuma ba za ka ji ya ce abu guda yana maganin cuta goma ba. Ba muna kushe maganin gargajiya ba ne, mun gaji na iyayenmu. Muna magana ne a kan wanda ke daka ƙwayar Bature a cikin sassaƙe ya ce sirrin kakansa ne.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko mara inganci. Saboda haka a Nijeriya a duba lambar NAFDAC, in kuma kwalin yana da wurin kankarewa a kankare a aika lambar ta waya, tsarin da aka fara tun 2010. Sai dai ita ma lambar NAFDAC ana buga ta ƙarya, don haka wurin saye ya fi kome. A Nijar, da Cadi, da Kamaru a nufi farmasi mai lasisi. Na dabbobi kuma a bi ta hannun malamin dabbobi na kara.

Duk wanda ya yi wa dabbarsa allura bai ga aiki ba, kada ya yar da takardar ƙunshin. Ya kawo wa sakataren reshensu ran kasuwa, tare da sunan garin da ya saya, mu kuma za mu miƙa wa ofishin likitan dabbobi.